Sarewar da Kaka Bai Ji Ba

Shekara arba'in da ɗaya Kaka ya yi yana gyaran rediyo a wani ɗan shago ƙarƙashin bene, tsakanin mai wanki da mai facin taya. Sauran masu gyara sai sun kwance rediyo sun bi ta da mita kafin su gano cutarta. Shi kuwa kunnawa kawai yake yi, ya karkata kai, ya ce, "Lasifikarka ta tsage," ko kuma, "Bel ya saki." A buɗe a tarar haka ne. Da kunnen nan ya ci, da shi ya sha, da shi ya yi wa 'ya'yansa komai.

To, kunnen ne likita ya ce yana tafiya, kuma ba mai dawowa ba ne. Kaka ya ce wa likitan yaro ne shi, bai san aikinsa ba. Wai na dama ne kaɗai ya yi nauyi, na hagu garau yake. Duk da haka ya rufe shago, ya koma gidan 'yarsa mai ɗinki, aka ba shi ɗakin baya. Kayansa ba su wuce katifa, da akwatin sukundireba, da rikoda ɗaya, da wani kwali cike da kasakasai ba, waɗanda mutane suka manta a cikin rikodojin da ba su dawo karɓa ba.

Ba shi da gida, ba shi da fili. Abin da yake da shi na barin gado kunne ne, kuma ya ƙudurta sai ya zuba shi a kan ɗaya daga cikin jikokinsa uku kafin ya ƙare masa.

Saboda haka kullum da la'asar, in an dawo daga makaranta, sai ya jera su a kan tabarma. Dokarsa uku ce: ba rawa, ba ciye-ciye, ba magana sai kiɗa ya ƙare. Kowa kuma da abin da zai bi. Dogo, ɗan shekara goma sha biyar, shi ne mai bin ganga da babbar gita. Auta, mai shekara huɗu, tafi ne nasa, a daidai inda ganga ta faɗi. Ta tsakiya, 'yar shekara tara da ake ce wa Shiru don ba ta cika magana ba, ita aka bar wa ragowa.

"Kaka, waƙoƙin nan naka ai sun girmi Mama," in ji Dogo.

"Sun girme ta, sun kuma fi ka hankali. Cire igiyar wayar nan daga kunnenka, kamar akuyar da aka kai kasuwa."

"Ni dai in kiɗa ya yi daɗi ai shi ke nan."

"Jaki ma ya san daɗi. Na ce me ka ji?"

Dogo ya kan lalubo amsa daga fuskar tsohon, ya dace sau ɗaya, ya kuskure sau uku. Amma a kansa Kaka ya ɗora rai, don shi ne babba. Auta kuwa kafin a kai rabin kaset ya miƙe yana juya ƙugu, a zaunar da shi, ya sake miƙewa. Shiru ta kan haɗa gwiwa ta zuba wa bango ido. Wani lokaci leɓenta na motsi. Kaka ya ɗauka barci ne yake ɗibarta.

Haka aka yi wata biyar a kan kasakasai shida, waɗanda Kaka ya sani kamar tafin hannunsa. Ya kan ɗaga yatsa ya ce, "Ga goge nan zai shigo," sai kuwa ya shigo. "Ku ji yadda mai ganga ya ja baya ya ba mawaƙiya hanya. Wannan shi ne ladabi. Wanda bai iya yin shiru ba bai iya kiɗa ba."

Ran wata Asabar ya ce yau jarrabawa. Ya zura hannu can ƙasan kwali ya zaro wani kaset mara rubutu, wanda shi kansa bai taɓa sakawa ba. A wurinsa jin farko shi ne gwaji, haka yake yi wa kowace rediyo. Ya mayar da lambar da ke ƙirga juyin kaset zuwa sifiri, ya danna.

Kiɗa ne mai sanyi, ba waƙa a ciki. Da ya ƙare Dogo ya ce akwai ganga biyu da gita. Kaka ya gyaɗa kai. Auta ya ce shi yunwa yake ji.

"Ke fa, Shiru? Ko kin tafi barcin naki?"

"Akwai sarewa, Kaka."

"A ina?"

"Can sama. Siririya ce. Sai gita ta yi shiru take fitowa, kamar tana jin kunya. Sau uku ta zo. Na ukun ba ta ƙarasa ba."

Tun da aka fara karatun nan ba ta taɓa yin magana mai tsawon wannan ba. Idonta har ƙyalli yake yi.

Kaka ya mayar da kaset baya. Ya juya kunnen hagu, ya matso. Da lamba ta kai ɗari biyu da sha biyu yarinya ta ce, "Ga ta!" Shi kuwa ganga ya ji, sai wani fili da babu kowa a cikinsa.

"Dogo, ka ji sarewa?"

Dogo ya dubi fuskar kakansa, ya ga yadda ta haɗe. "Ni dai ban ji ba."

"To kin ji." Kaka ya kashe rikoda. "Wata biyar ina koya miki ji, ashe ƙarya kike koyo. Don a ce kin fi yayanki? Wanda ya ce ya ji abin da bai ji ba, gobe zai ce ya ga abin da bai gani ba. Ni shekara arba'in ban taɓa ce wa mutum rediyonsa na da cutar da ba ta da ita ba. Tashi ki ba ni wuri, maƙaryaciya!"

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki takalmanta a hannu ta fita. A falo keken ɗinki ya tsaya, uwar ta leƙo.

"Baba, me ta yi?"

"Tarbiyya nake yi. Koma kan ɗinkinki."

Litinin ta zo, Shiru ba ta zo tabarma ba. Talata ma haka. Kaka ya ce zuciya ce, za ta huce. Amma maganar nan ta "na ukun ba ta ƙarasa ba" ta tsaya masa a wuya. Maƙaryaci ba ya ƙirga ƙaryarsa haka.

Ran Laraba da hantsi, yara suna makaranta, ya sakaya ƙofa ya kwance bayan rikoda. Kowane mai gyara ya san cewa in kaset ya rage gudu, sauti yakan yi kauri ya sauko ƙasa. Ya kai lamba ɗari biyu da goma, ya danna, ya ɗora babban yatsa a kan faifan da bel ke juyawa, ya danne shi a hankali. Ganga ta koma kamar ana jan buhu a ƙasa. Gita ta yi gurnani ta tsaya.

Sai ga sarewa. Ta sauko masa daga inda ba ya kaiwa, murya a dushe, kamar saniya na kuka daga nesa. Ta tafi, ta dawo. A karo na uku ta ɗauko, ta kai tsakiya, ta yanke.

Ya ɗauke yatsa. Kaset ya koma gudunsa, sarewa ta ɓace.

Sannan ya jawo ɗaya daga cikin tsofaffin kasakasansa shida ya saka, ya rufe ido, ya hana zuciyarsa riga kunne. Wurin da goge ke shigowa ya zo ya wuce, babu goge. Ashe wata biyar ba da kunne yake koyarwa ba, da tunawa ne.

Da aka taso daga makaranta ya sami Shiru a bayan kicin tana wanke safa a roba. Tsugunawa ta yi masa wuya, amma ya tsuguna.

"Ke 'yar nan. Akwai sarewa."

Ba ta ɗago ba. "Babu, Kaka. Kai ne da gaskiya."

"Na ce akwai. Na ji ta da kaina. Kunnena ne ya mutu, ba naki ba. Na zalunce ki, ki yafe mini."

"Na yafe. Amma na yi ta tunani, na ga kamar a kaina ne kawai na ji. Mama ma ta ce in daina musu da manya."

"Taso."

Ya kama hannunta da kumfar sabulu a jiki ya kai ta ɗaki. Bai kira Dogo ba, Auta da ya biyo su ma ya ce ya je wurin uwarsa. Ya zaunar da ita, ya saka kaset, ya ce, "In ta zo ki faɗa mini. Ba duka, ba faɗa. Ni ne ɗalibi yau."

Lamba ta yi ta juyawa. Ɗari da casa'in. Ɗari biyu. Ya saci kallonta. Da can bango take kallo in tana ji, yanzu kuwa shi take kallo. Girarsa take karantawa, da bakinsa, irin kallon da Dogo yake yi masa.

Ɗari biyu da sha biyu ta zo. Gita ta yi shiru. Kaka ya kame fuska don kada yarinyar ta karanci amsa a kanta.

Ɗari biyu da ashirin. Ɗari biyu da talatin.

"To?" ya ce.

Yarinya ta goge hannu a jikin siket.

"Kaka, so kake in ce akwai, ko in ce babu?"

Kaset ya ci gaba da juyawa har ya kai ƙarshe, maɓallin ya ɗago da kansa. A falo keken ɗinki na ta tafiya, shi ma sama-sama Kaka yake jin sa.