Ƙusar Kofur

"Kaka, mutum nawa ne suka mutu a cikin motar nan?"

Aku ce ta yi tambayar, tana tsaye a inuwar tayar da ta fi ta tsawo. Shekararta biyar, kuma bakinta da ba ya hutawa shi ya jawo mata wannan laƙabi. Uwarta, maɗinkiya, tana shanya a igiya. Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ke! Wace irin magana ce wannan? Zo nan!"

"Ƙyale min amaryata," in ji Kofur, surukin maɗinkiyar, yana gyara zama a kujerarsa. "A tawa dai ko mutum ɗaya bai mutu ba. A motar da ta tsaya ake mutuwa, yarinya. Tawa kuwa ba ta taɓa tsayawa ba."

Daga nan ya ɗauko labarin da kowa a gidan ya haddace. Yadda wata rana fis ya ƙone masa a tsakiyar daji, mota ta mutu murus, harsashi na zuba kamar ruwan sama. Yadda ya zare ƙusa daga jikin akwati ya cusa a gurbin fis ɗin, mota ta tashi, ya kai mutum ashirin da biyu gida da ransu.

"Ƙusa ɗaya tak," ya ce, yana ɗaga yatsa. "Soja ba ya jiran kanti."

Motar irin wadda ya tuƙa ce a soja. Ya saye ta a gwanjo bayan ya ajiye kaki, ta yi shekara goma sha huɗu a tsakar gida ba ta motsa ba, har kaji suka mayar da ita wurin saka ƙwai. Da likita ya ce idon tsohon yana tafiya, sai ɗansa, mijin maɗinkiya, wanda wayarin ɗin mota ne sana'arsa, ya ɗauki alkawari: Baba zai ga fitilunta a kunne kafin idon ya ƙarasa. Abokansa makanikai suka tayar da inji. Waya kuwa aikinsa ne shi kaɗai, duk ranar da bai je gareji ba.

Aikin ba na wasa ba ne. Wayoyin motar duk baƙaƙe ne, babu ja babu shuɗi, sai 'yar lambar ƙarfe a wuyan kowace ɗaya, rabin lambobin kuma tsatsa ta cinye. Wadda ya taɓa sai robarta ta farfashe a hannunsa. Haka ya riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya, yana jan sabuwa a gurbin tsohuwa, yana kwance a ƙasa ƙura na zuba masa a ido. Da ya zo kan wayar ham da fitilu, sai ya tarar tsohuwar hanyarta doguwa ce: sai ta sauka ƙasa, ta bi gefen ƙarfen mota, ta zagayo, maƙalanta kuma duk sun ruɓe. Ya duba, ya yi tsaki, ya ɗauko injin huda. Ya huda sabon rami a bangon ƙarfen da ya raba inji da mazaunin direba, ya zura wayar ta nan. Aikin yini guda ya koma na minti goma.

Washegari maɗinkiya ta hau motar da tef ɗin awo, domin ita za ta ɗinka wa kujerar riga. Ta sunkuya ƙarƙashin sitiyari, sai gefen mayafinta ya maƙale. Ta ja, ya yage. Ta sa yatsa ta shafa bakin ramin, ta ji shi da kaifi kamar bakin gwangwanin da aka buɗe da wuƙa, ga wayar kwance a kansa.

"Baban Aku, wannan ramin ba ka yi masa kalmasa ba."

Ya leƙo daga ƙarƙashin bonet. "Ƙarfen ake wa kalmasa? To ɗauko keken naki mu gani."

"Da gaske nake. Ko yadi ne ya kwana yana gogar abu mai kaifi haka, sai ya tsinke."

"Akwai zoben roba da ake sawa, ban da girmansa ne. Na naɗa salatif har ninki biyu. Zan samo."

"Yaushe?"

Kofur ya ƙyalƙyale da dariya daga kujerarsa. "A'a, yau ga tela ta zama injiniya! Ɗana, miƙa mata filaya ka zo mu sha shayi."

Ita ma ta yi murmushi, ta sauko. Shekara shida ke nan tana gidan, ba ta taɓa mayar wa surukinta magana ba. Abin da ta iya yi shi ne ta ja Aku gefe ta murɗe mata kunne a hankali: kada ta ƙara ganin ƙafarta a cikin motar nan.

Kullum da hantsi Kofur yakan tayar da injin don kada batir ya kwanta. In ya tashi, gidan gaba ɗaya sai ya ɗauki rawa, har kwanuka na kaɗawa a kan kanta. Kwana tara da zura wayar, fis ɗin ham da fitilu ya ƙone. Aka sa wani, ya yi kwana biyu. Na uku ko yini bai yi ba.

"Fis ɗin zamani ne ba su da ƙwari," in ji Kofur. "Kamar yaran zamani. Abu kaɗan sun kwanta."

Ɗan bai yi dariya ba. "Baba, fis ba ya ƙonewa a banza. Akwai inda waya ke taɓa ƙarfe. Na bar gurbin babu komai, don Allah a bar shi haka. Jibi zan bi ta daga farko har ƙarshe."

"Ni za ka koya wa mota? Ina tuƙa ta kana cikin zani."

"Jibi dai, Baba."

Maɗinkiya tana jin su daga ɗaki. Ta so ta ce ba sai an bi waya daga farko ba, ta san wurin. Ta bari sai mijinta ya shigo, ya shigo a gajiye, ta faɗa masa, ya ce ya ji, jibi.

Ba a kai jibin ba. Washegari da hantsi, maigidan ya tafi gareji, Aku tana maƙwabta, ita kuma tana kan keke, sai ta ji gyaran muryar surukinta a bakin ƙofa.

"'Yata, ko akwai 'yar ƙusa a gwangwanin maɓallanki?"

 Wa ya fi ta sanin labarin ƙusa? Maganar ta taso mata har maƙogwaro: Baba, me za a yi da ita? Kalma bakwai kacal. Amma ga shi tsaye, tsoho mai furfura, yana laluben bango da hannu ɗaya, kuma ita ya kira 'yarsa. Ta ce wa ranta wataƙila ƙafar kujerarsa ce ta saki. Ta ce ai yarinyar ma ba ta gidan. Ta zazzage gwangwanin, ta tsinci ƙusa, ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu.

"Allah ya yi miki albarka."

"Amin, Baba."

Ta koma kan keke. Jim kaɗan inji ya tashi, kwanuka suka fara kaɗawa. Sai kuma wata ƙara da gidan bai taɓa ji ba, mai kauri kamar kukan bijimi. Ham ne. Ya yi sau ɗaya, ya yi sau biyu, sannan ya shiga yi ba tsari, irin na wanda ke wasa. A tsakanin ƙarar ta jiyo dariya, siririya, wadda ko cikin kasuwa za ta gane. Ashe yarinyar ta dawo ta ƙofar baya.

Taƙi ɗaya ya rage mata ta kai ƙarshen ɗinkin. Ta ce bari ta ƙarasa shi ta fita ta sauko da ita ba tare da ta kunyata tsohon ba. Kafin allura ta kai ƙarshe, ham ya yanke a tsakiyar kuka. Sai wari ya shigo, irin na tayar da aka cinna wa wuta.

Ba ta san yadda ta isa tsakar gida ba. Kofur yana gaban motar, ya kusa manna fuskarsa da fitila don ya ga ko tana ci, ƙarar inji ta toshe masa kunne. Ya rufe ƙofar mazaunin direba don kada jikarsa ta faɗo, ƙofar kuwa ba ta da mariƙi ta ciki. Gilashin ya yi baƙi ƙirin.

"Baba! Wuta! Yarinya!"

Ta taka matakala, ta fizge ƙofar. Hayaƙi ya bugi fuskarta. Kan kujera babu kowa. Ta lalubi ƙasa, hannunta ya faɗa kan 'yar ƙafa. Aku ta tsorata ne ta duƙunƙune a ƙarƙashin sitiyari, daidai inda wayar ta yi ja kamar garwashi, robarta na narkewa tana ɗiga mata a wuya da kafaɗa. Bakinta a buɗe, amma babu abin da ke fita. Uwar ta finciko ta, suka faɗo ƙasa tare, ta yaye mayafinta ta danne wutar da ta kama rigar.

Kofur, wanda kullum da ƙyar yake hawa matakalar nan, ya haye ta a taki ɗaya. Ya zura hannu cikin hayaƙin, wurin da ya sani ko ba ido, ya kama ƙusar da yatsunsa tsirara ya zare. Ta manne masa a fata, sai da ya yarfe hannu sau uku ta faɗi. Maƙwabta suka shigo da bokitan yashi.

Kwana goma sha tara suka yi a asibiti. Likita ya ce yarinyar za ta tashi, amma tabon daga ƙarƙashin kunne har kafaɗa ya zauna ke nan, hayaƙin kuma ya taɓa maƙogwaro. Kofur ya rasa kan yatsu biyu.

Ranar da suka dawo, maigidan ya kai ta gaban motar ya nuna mata guntun wayar da ya yanko daga bakin ramin. Salatif ɗin ya rabu biyu kamar an sa reza, jan ƙarfen wayar a fili.

"Ni ne," ya ce. "Kin faɗa min. Zoben roba, abin da ko a ƙasan gareji ana tsinta."

"Ni ne," in ji Kofur daga kujerarsa, hannunsa a naɗe. Muryarsa ta koma ta wani mutum daban. "An ce min jibi."

Maɗinkiya ta dube su duka biyu.

"Ni na miƙa ƙusar," ta ce. "Da hannu biyu, a durƙushe. Kuma na san inda za ta."

 Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta matsa gaban surukinta, a tsaye, ta dube shi ido cikin ido.

"Baba, yau za a cire batiran motar nan a fitar da su daga gidan nan. Ba gobe ba, ba jibi ba. In har za a sake ja mata waya, ta doguwar hanya za a bi, kuma sai na shafa kowane rami da yatsana."

 Tsohon ya juya wajen ɗansa.

"Ka ji abin da ta ce. Ɗauko sifana."

Har yau motar tana nan a ƙarƙashin tamfol, kaji sun koma gidansu. Idon Kofur ya ƙarasa bai ga fitilar ba, kuma ba a sake jin labarin mutum ashirin da biyu a gidan ba. Muryar Aku ta dawo, a dishe. Tana cin abinci, tana wasa da 'yar tsanarta. Tambaya ce dai ta daina. In kakan ya miƙa hannu ya ce, "Ina amaryata?" sai ta zagaya bayan uwarta ta riƙe zani. Uwar, wadda a da take cewa yarinyar nan za ta kashe ta da surutu, yanzu takan tsayar da keke a tsakiyar ɗinki ta kasa kunne, ko za ta ji an ce mata "Mama, me ya sa?"

Kai da ke karanta wannan, in fis ya ƙone a motarka ko a gidanka, magana yake yi maka, kada ka toshe masa baki da ƙusa ko guntuwar waya. In ka ga waya kwance a kan ƙarfe mai kaifi, kada ka yarda da "zan samo". Ke kuma 'yar'uwa, in idonki ya ga abin da zai taɓa ɗanki, buɗe baki ki faɗa, ko a gaban wa kike, ko za a yi miki dariya. Kunyar da za ki ji ta yini ɗaya ce. Tabon da ke wuyan yaro kuwa, ke za ki riƙa wanke shi kullum da safe.