Wace Asaben?

Wace Asaben Malam Istifanus yake nufi da ya rubuta sunan nan a bayan rigarsa? Har yau babu wanda zai iya rantsuwa a kai, wataƙila har da shi kansa.

Lawan dai ya fito ƙofar gida da safiyar ranar, makullin shagon fentinsa a hannu, ya tarar da maƙwabcin nasa a sunkuye yana ba tayar kekensa iska. Riga ce ruwan hoda a jikinsa, irin wadda aka raba wa masu hawan keken tara gudummawa don binciken ciwon daji. A gadon bayansa an maƙala farin ƙyalle da fil, an rubuta da manyan baƙaƙe: DON ASABE.

Sunan matar Lawan ke nan. Shi kansa ba ya kiran sunan a gaban mutane, sai dai ya ce Maman Fiddausi.

"Malam Lawan, an tashi lafiya?" Istifanus ya ce bai ɗago ba. "Ko ka canza shawara ne? Akwai sauran riguna."

"Shago za ni," in ji Lawan.

Amma ya kasa ɗaga ƙafa. An kwana biyu yana ganin abubuwan da bai gane ba a gidansa. Asabe ta koma juya masa baya in za ta canza kaya. Da riga take kwana, duk zafin da ake yi. Kullum tana gidan Gloria, matar Istifanus, in ya shigo ya same su tare sai magana ta mutu. Ya yi ta gaya wa kansa sirrin mata ne. To yau ga sunanta a bayan mijin Gloria, za a zaga gari da shi.

Tun farkon mako Istifanus ya same shi da zancen hawan keken. Ya ce kowane mahayi zai nemo masu ba da gudummawa a madadinsa, a haɗa a bai wa likitocin da ke binciken ciwon, kuma a filin makarantar da za a ƙare hawan a Tarauni za a duba mata kyauta. Lawan ya ƙi. Ya ce shi bai yarda da taimakon da sai an sa riga mai launi an ɗauki hoto ba, bincike kuma a jikin talaka ake yin sa. Yana da dalilinsa. Yayarsa Hajara ta yi shekaru da ƙullutu a ƙirji tana harkokinta, aka kai ta wani asibiti aka yanka, ba ta ga wata sallar ba. Tun daga nan ya riƙe abin da tsofaffi suke faɗa, cewa ciwon daji ba a taɓa shi da ƙarfe, ko allura ce sai ya fusata ya bazu. Jiya da Asabe ta ce tana so ta raka Gloria filin makarantar, ko kallonta bai yi ba ya ce ba za ta ba.

Ya koma zaure ya janyo tsohon baƙin kekensa da ya daina hawa tun da ya sayi babur. Da babur za a gan shi. A cikin kekuna kuwa, a tunaninsa, zai saje.

A bakin titin Kotu aka taru. Mahaya sun cika wurin, samari da 'yan mata da wasu dattawa masu tumbi, kowa da hular kwano, kowa da suna a bayansa. Don Inna. Don Anti Ruth. Don Malaminmu. Wani saurayi mai matsattsen wando ya dubi keken Lawan ya yi dariya.

"Baba, wannan ai ya girmi Najeriya. Zai kai mu Tarauni kuwa?"

"Ya kai ubanka makaranta," Lawan ya ce, aka kwashe da dariya har da saurayin.

Wata budurwa ta miƙo masa riga da farin ƙyalle da alƙalami. "Baba, sunan wa za a sa maka?"

"Ni wucewa nake yi."

Aka busa usur, ayari ya hau titin Zariya, motar lasifika a gaba. Lawan ya tsaya can baya-baya da farko, idonsa a kan ƙyallen nan. Bai san abin da yake jira ya gani ba. Ko Asabe ce za ta ɓullo a wata kwana, ta tsallake maganarsa? Ko wani ne zai tambayi Istifanus wace ce, ya ji amsar da zai bayar? Kafin su wuce gadar Dangi cinyoyinsa sun fara wuta, jamfarsa ta jiƙe. Da ya ga farin ƙyallen zai ɓace masa a cikin mutane sai ya ƙara taka feda, har ya wayi gari yana bin Istifanus taya da taya.

A haka suka shiga titin Maiduguri, suka zo daidai layin shagonsa. Zakariyya mai shayi yana tsaye da ludayi a hannu yana karanta sunaye a fili. Ya karanta na bayan Istifanus, ya ga Lawan a biye, sai ya ajiye ludayin.

"Lawan, ashe mai ɗakin ce ba lafiya? Ba mu ji ba. Allah ya ba ta lafiya."

Mutanen da ke kan benci suka amsa da amin. Lawan bai waiwaya ba. Yanzu duk layin ya san sunan matarsa, kuma ya san namijin da ke ɗauke da shi ba mijinta ba ne.

Kusa da Daurawa aka tsaya shan ruwa a ƙarƙashin wasu bishiyoyin darbejiya. Istifanus ya sauka yana haki, ya juyo ya gan shi. Bai nuna mamaki ba, kuma wannan ma Lawan ya lura da shi. Ya miƙo masa ruwan leda.

"Ashe shagon naka ya tashi ya dawo Daurawa."

Lawan bai karɓi ruwan ba. Ya ja shi gefe, bayan wata mota.

"Malam Istifanus, mun daɗe katanga ɗaya da kai. Ban taɓa ɗaga maka murya ba. Sunan wa ke bayanka?"

Istifanus ya leƙa ta kafaɗarsa kamar zai iya ganin rubutun. "Uwata ce. Asabe sunanta, a Zankuwa aka haife ta ranar Asabar. Ko kun ɗauka mu a wajenmu daga Juma'a sai Lahadi ake haihuwa?" Ya ɗan yi dariya. "Ciwon nan ne ya kashe ta. A ɗakinmu Gloria ta yi jinyarta, kafin ku dawo unguwar."

Kunya ta kama Lawan har ya rasa inda zai sa ido. Ya karɓi ruwan, ya fasa da haƙori, ya sha rabi. Ya fara haɗa kalmomin ban haƙuri a ransa. Sai wani abu ya tsaya masa.

"Bara ma ka yi hawan nan."

"Na yi."

"Na gan ka da ka dawo. Mama ka rubuta."

Lawan ya ƙara matsowa kusa da shi.

"Wane ɗa ne yake rubuta sunan uwarsa gatsau haka, ko Mama babu a gaba? Ko ku ba kwa yi. Na zauna da ku, na sani."

Motar lasifika ta fara kiran mahaya su koma kan layi. Istifanus ya matse ledar ruwansa, ya daɗe yana neman inda zai yar da ita.

"Malam Lawan, ni ba a gaya min komai ba. Ɗakinmu ciki da falo ne, in mata suna magana a falo ana ji a ciki. Abin da na ji ba nawa ba ne, ba ni da ikon faɗa. Na yi wa Gloria alkawari bakina ba zai furta ba, kuma bai furta ba."

"To bayanka fa?"

"Bayana sunan uwata ne." Ya ɗaura igiyar hularsa. "Ka koma gida ka tambayi taka Asaben. Amma don Allah kada ka fara da zancen ƙarfe."

Ya hau kekensa ya bi ayari. Lawan ya tsaya riƙe da rabin ruwa. Ya so ya ji haushin mutumin, don kuwa an ja shi ne kamar akuya da igiya tun daga ƙofar gida, an sa mai shayi ya yi wa matarsa addu'a a bakin titi. Ko kuwa ba a ja shi ba, shi ya jawo kansa? Ya juya keken. Hanyar komawa unguwarsu Gyadi-Gyadi ta yi masa tsawo, don yanzu ba mai tare musu motoci, 'yan adaidaita sahu suna ta yi masa ham.

Ya sami Asabe a tsakar gida tana shanya wanki. Da hannun hagu kaɗai take ɗaga kayan zuwa igiya, na daman yana manne da jikinta. Ya tsaya a bakin zaure yana kallo, yana tambayar kansa tun yaushe take shanya haka.

"Lafiya ka dawo? Me ya jiƙa ka haka?" ta ce.

"Ina Fiddausi?"

"Tana Islamiyya."

Ya jingine keken. "Asabe, wane gefen ne?"

Rigar da ke hannunta ta koma cikin bokiti. Ba ta tambaye shi wa ya faɗa ba. Ta zauna a bakin rijiya, ta ɗora tafin hagu a ƙarƙashin hammatarta ta dama.

"Tun kafin azumi. Da kamar ƙwayar gyaɗa yake. Yanzu ya fi haka."

"Kika gaya wa maƙwabta, ni ina kwana ɗaki ɗaya da ke."

"Ranar sadakar ukun Yaya Hajara me ka ce? A gaban kowa ka ce duk wanda ya kai ciwon nan asibiti a gidanka ba da yawunka ba. Ina zaune ina ji." Ta share fuska da gefen zane. "In na faɗa maka, sai dai ka kawo min jiƙo da hayaƙi. In na tafi a ɓoye, na saɓa maka. Sai na zauna. Gloria ta ce ita ma Yaya ba wuƙar ce ta kashe ta ba, daɗewar da aka yi ne. Ni ban sani ba, Baban Fiddausi. Tsoro nake ji ta ko'ina."

Shi ma bai sani ba. Har a lokacin, in ya tuna fuskar Hajara bayan aikin, zuciyarsa tana gaya masa tsofaffi sun yi gaskiya. Bai yarda da masu riga ruwan hoda ba, bai yarda da likitocin da za a bai wa gudummawar ba, bai ma gama yarda da Istifanus ba. Ya dubi hannun nan nata da ya ƙi ɗaguwa.

"Sai yaushe suke tashi a filin?"

"Gloria ta ce har la'asar."

"Ɗauko hijabinki."

Ba ta motsa ba. "In sun duba suka ce sai an yanka fa?"

Lawan ya fita ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan Istifanus, ya ce wa Gloria ta fito ta raka su, don ita ta san inda mata suke layi. Sannan ya taka zuwa bakin titi da jiƙaƙƙiyar jamfarsa, ya ɗaga wa mai adaidaita sahu hannu.

"Tarauni," ya ce. "Filin makaranta, inda 'yan keke suke. Mu uku ne."