Tsohon Firji da Gitar Dogo

Kukan ya fara ne bayan an rufe kanti, daga bayan bango, wani gurnani mai hawa da sauka kamar ɗan maraƙin da ya ɓace wa uwa. Mai Kanti ya ajiye cokali ya kasa kunne. Tsirkiyar gita ce ake ɗaurewa ana sassautawa, ta rasa inda za ta zauna.

Maƙwabcinsa Dogo makaɗi ne mai zaman kansa, waƙoƙin manoma da direbobi yake yi. Tun zuwansa layin, da gurnanin tsohon firjin kantin yake saita babbar tsirkiyarsa, tunda bango ɗaya ya raba su. Yakan ce duk duniya bai ga mai riƙe murya ɗaya kamar firjin nan ba.

Mai Kanti ya leƙa kanti, ya ji shiru. Matarsa ce ta zare wayar firjin, don ɗansu ya aiko da sabo.

"Ko ruwa ya daina sanyayawa, maigida. Wuta kawai yake ci."

"Ba don ruwa nake ajiye da shi ba."

Ya mayar da waya. Firji ya yi tari, ya girgiza, ya kama. Can bayan bango tsirkiya ta hau sannu a hankali, ta zauna daram.

Da safe ya kai wa Dogo shayi, ya same shi kwance, ƙafafu a kumbure, gita bisa ƙirji.

"Jiya abokin aikina ya yi yaji," in ji Dogo.

"Mura ce. Na ba shi magani."

"Ka lallaɓa min shi, maƙwabci. Tsere muke yi, a ga wa zai riga wani."

Ya kaɗa masa waƙar direban da ya manta hanyar gida, yatsu na jan ƙafa, murya kuwa sumul. Haka suka riƙa yi kowace yamma. Matar Mai Kanti takan kawo abinci, ta zauna bakin ƙofa, ba ta ƙara taɓa wayar ba.

Dogo ne ya ci tseren, wani hantsi, 'yarsa na riƙe da hannunsa.

Da aka watse daga zaman makoki, ɗan Mai Kanti ya kira mai sayen tsohon ƙarfe don ya ɗauke tsohon firjin, ya zo da amalanke. Lokacin Mai Kanti da matarsa suna ɗakin Dogo, suna taya 'yar naɗe katifa. Gitar na rataye a ƙusa jikin bangon nan. Sai firji ya tashi ta wancan gefe, babbar tsirkiya ta amsa da kanta, siririn sauti, ba hannun kowa a kanta. Duk suka tsaya riƙe da katifa.

Tela na ƙarshen layi ya leƙo ta taga.

"To, mai amalanke ya jira ne, ko ya tafi?"