Layyar da Na Yi a Tsibiri

Ban iya riƙe kwanan wata ba. Katumi, matata, ita ke riƙe mini, kamar yadda take riƙe makullin gidanmu na Tottenham. Sau ɗaya na yi nisa da ita, a ƙarshen shekarun tamanin, lokacin ina tuƙa tasi, irin wadda ake kira minicab, kuma gwiwoyina ba su fara ƙara ba.

Wani tsohon Bature da nake yawan ɗauka, Mista Pell, yana da ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska. Ya ce yana neman mai girki na wata biyu, za a zaga tsibiran yammacin Scotland. Na ce ai ni ɗan Yawuri ne, a bakin ruwa aka haife ni. Ban ƙara da cewa daga bakin ban taɓa wucewa ba.

"Babbar Sallah fa za ta same ka a can, maigida," in ji Katumi. "Tun rasuwar Baba ba ka taɓa fashin layya ba."

"Ƙasar da tumaki suka fi mutane yawa? Haba."

Sati uku ina amai ina dafa dankali. Amma akwai safiyar da iska ke daidaita, jirgin ya riƙa sulalawa babu ƙarar inji, sai ruwa na shafar katako. Har yau in na tsaya a danja a Stratford, ita nake tunawa.

A bangon kicin nake jan layi kullum don lissafin kwana. Ranar da layukan suka ce Sallah, muna ɗaure a wani tsibiri mai titi ɗaya. Mista Pell ya ce ƙarfe biyar za mu tashi, kafin ruwa ya janye daga mashigar. Ya ara mini kekensa mai naɗewa, wanda tayoyinsa ba su fi faifai ba.

A gona ta uku na samu rago wurin wata dattijuwa, Misis Morag. Na duba haƙora, na duba ƙafafu da idanu, tana kallona kamar mai neman aure. A bayan gidanta na yanka, ɗanta ya taya ni fiɗa. Na kasa uku yadda Baba yake yi: na gida, na maƙwabta, na mabuƙata.

"Su wane ne talakawan garin nan?" na tambaye ta.

Ta ce, "Ko dai dukkanmu, ko babu kowa."

Sai na ɗaure ƙunshin nama a gaba da bayan keke, na bi gida gida. A haka na ga tsibirin. Titi ya hau tudu ya sauka kan farin yashi, ga katangun dutse, ga shanu masu gashi har ido. Iska na tura ni kamar ta san ina sauri. A kowace ƙofa sai na yi bayani, a kowace ƙofa sai an shigar da ni shan shayi. Wani tsoho ya ce shekara sittin yana kiwo, bai taɓa ganin baƙo ya kawo masa naman maƙwabciyarsa ba. Wata ta ba ni ƙwai shida, suka fashe a gangare. Kofi na tara na sha a tsaye.

Ƙunshi na ƙarshe na miƙa wa fadan cocinsu ta taga, na sako keke. Na iso Mista Pell ya riga ya kwance igiya ɗaya. Na zauna ina haki, raina fes. Na ce Baba, ko a nan ban yi fashi ba.

Da na dawo, bayan Juma'a a masallacin Regent's Park, na ba abokina Wahabu labarin tiryan-tiryan.

"Sarkin ruwa," ya ce, "wace rana ka ce ka yanka?"

"Laraba mana."

Ya dubi takalmansa. Katumi ma da na tambaye ta a gida ba ta yi dariya ba, kalanda kawai ta ciro daga bango ta ajiye mini. Sallah Alhamis aka yi.