Buhun da Aka Jiƙa wa Rago

Tun ranar da Malam Badamasi ya sauke buhun nan daga bayan mashin, yayarsa Kyauta ta tambaye shi mene ne a ciki ya ce abincin rago ne, al'amarin ya kama hanyar lalacewa. Shi ne dai bai sani ba.

Hamdiyya, 'yarsa ta fari, ta dawo gida Kurfi goyon ciki, haihuwar kuma ta faɗo a tsakiyar sanyi. Tun tana ƙarama take fama da asma. Malamar asibiti ta ja kunnen matarsa Sakinatu, ta ce kada a kuskura a shiga ɗakin mai jego da kaskon garwashi, hayaƙi zai toshe mata ƙirji. Badamasi yana zaure ya ji, ya yi kamar bai ji ba. Ina aka taɓa ganin dattijo yana rawar jiki a kan 'yar fari? Ko sunanta ba ya kamawa, sai dai "yarinyar nan". Amma ya kwana yana lissafi. In an hana garwashi, da me za a ɗumama ɗaki, ga jariri ko kwana uku bai yi ba?

Washegari ya hau mashin zuwa Dutsin-Ma, wai zai duba taki. Wurin Lado mai walda ya zarce, don ya ji labarin yana ƙera wani murhu na ƙarfe da ba ya cin icce. Garin katako da ɓawon gyaɗa ake matsewa a inji, su fito ƙwaya-ƙwaya kamar kashin awaki, a zuba a saman murhun suna gangarowa cikin wuta kaɗan-kaɗan. Hayaƙin kuwa bututu ke fitar da shi waje.

"Murhun sai na zo da kaina na huda bango, ran Asabar," in ji Lado. "Tafi da buhun, shi kaɗai ya rage. Amma Malam, ko me za ka yi, kada ruwa ya taɓa shi."

Duk hanya Badamasi yana yaba wa kansa. Mutumin da ya tsaya a aji huɗu, ga shi zai kawo wa Kurfi abin da ko ma'aikatan ƙaramar hukuma ba su da shi.

A tsakar gida ya ci karo da Yaya Kyauta, wadda ta zo daga Tamawa don wankan jego. Ga mata 'yan barka zaune. Ta tambaye shi mene ne a buhun; ta yaya zai ce na ɗakin 'yarsa ya sayo, a gabansu? Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Abincin rago ne, Yaya."

"Iye! Rago har da abincin kanti? Mu kuma ko goro babu."

Ya jingina buhun kusa da turken ragon suna, ya fice yana jin ya yi dabara.

Ran Asabar da hantsi Lado ya zo, ya huda bango, ya kafa murhu, ya zura bututu. Sannan ya kakkaɓe hannu ya ce a kawo ƙwayoyin. Badamasi ya je turke ya tarar da buhu a ninke, babu komai ciki. A gefe, babban bahon wanki ya cika ya tumbatsa da wani abu kamar dusar da ta kwana a ruwa. Ragon ya juya masa baya yana tuƙa.

"Yaya! Me ya sami buhun nan?"

"Kai zan tambaya, Bada. Wa ya cuce ka? Na ba shi a bushe ya ƙi. Na ce tauri ya yi masa, na jiƙa da ruwan kanwa, ya ƙi. Na ƙara, na zuba gishiri, ko shinshinawa bai yi ba. Abu sai kumbura yake kamar an yi masa asiri."

Badamasi ya dubi ragon. Duk gidan, ya ce a ransa, wannan dabbar ce kaɗai ba ta yarda da maganarsa ba.

"Ba na rago ba ne," ya ce a hankali. "Makamashin murhun ne. Na ɗakin yarinyar nan."

"Wace yarinya?" Kyauta ta riƙe ƙugu. "Yara sun yi yawa a gidan nan. Faɗi sunanta mu ji."

Sakinatu ta rufe baki da gefen zane. Daga cikin ɗaki aka ji ɗan tari, sannan muryar Hamdiyya: "Baba, Allah Ya saka da alheri." Ya yi kamar da Lado ake.

Lado ya damƙi jiƙaƙƙen garin ya matse, ruwa ya tsiyaye. Ya ce injin ya tsaya, masu yankan katako ba su da wuta, bai san ranar da za a sake matsa wani ba. "Shanya shi mu gani, Malam. Ni dai ban taɓa gwadawa ba."

Haka Badamasi ya baje garin a kan tabarmi biyu, ya zauna gadi da kara a hannu yana korar kaji. Da la'asar ya ɗauko bargonsa ya ajiye a ƙofar ɗakin, ya ce wa Sakinatu ya yi masa nauyi ne. Murhun na ciki, sabo fil, sanyi ƙalau. Ko garin zai kama wuta in ya bushe, ko kuma sanyin zai fi haka tsanani kafin Lado ya samo wani buhun, har yanzu babu wanda ya sani.