Akwatin Da Ke Lungu

Kajin Yaya sun daɗe suna ba ta wahala wajen ƙwai. Kaza za ta yi ta safa da marwa a cikin keji, ta rasa inda za ta tsuguna, a ƙarshe ta saki ƙwan a kan wayar ƙasan kejin ya tsage. Shi ya sa ta kira ƙaninta Dogo, mai walda, ya yi mata akwatunan saka ƙwai a babban kejin da ke bayan gida.

Dogo ya jera akwatunan kwano masu sheƙi, bakinsu a buɗe. Da ya zo kan na ƙarshe, can lungu, kwano ya ƙare. Ya haɗa shi da katako, bakin ya yi faɗi, sai ya rataya guntun tampol ya rufe kunyarsa.

"Wannan kam kar ki nuna wa kowa, Yaya," ya ce yana dariya.

Washegari da hantsi Yaya ta ɗauki kwando ta nufi keji. Tun daga nesa ta ji kukan kajin ya ragu. Ta leƙa akwatunan kwano, wayam, ko gashi babu. Sai ta hango ƙafafu sun leƙo ta ƙarƙashin tampol.

Ta ɗaga tampol ɗin. Kwandon ya suɓuce mata.

Kaji ne cunkushe har rufi, wata kan wata. Na sama suna haki, baki buɗe. Ta shiga jawo su. Na tsakiya sun yi laushi. Na ƙasa kuwa wuya ya langaɓe, jikinsu da ɗumi, gashinsu ya jiƙe da fasasshen ƙwai. Tana jawowa, wata na biyo baya, kamar akwatin ba shi da gindi.

Ta kira Dogo a waya, amma abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "Zo. Zo yanzu."

Ya iso tare da likitar dabbobi. Ya tsaya kan matattun kajin da Yaya ta jera a ƙasa, ya dafe kai.

"Innalillahi! Annoba ce, likita?"

Likitar ta duba baki da idon guda, ta girgiza kai. "Lafiyarsu ƙalau. Numfashi suka rasa. Kaza in ƙwai ya matse ta, duhu take nema, inda ido ba ya ganinta. Kuma in ta ga 'yar'uwarta ta shiga, sai ta bi. Nan kaɗai suka sami duhu."

"Duk waɗannan akwatunan fa?" Dogo ya nuna na kwanon da hannu.

"Ba su da duhu. A wurin kajin kamar babu su."

Dogo ya kai hannu zai fizge tampol ɗin. Likitar ta riƙe shi. "Ba cirewa za ka yi ba. Kowanne za ka sa wa."

Suna cikin magana wata kaza ja ta ratsa tsakanin ƙafafunsu, ta miƙe sai lungu. Yaya ta yi ƙara, ta tare bakin akwatin da hannu biyu. Kazar ta yi ta ture ta da ƙirji, ta tsuguna nan kan tafinta, ta saki ƙwai mai zafi.

Yaya ta kasa motsi. Dogo ya fita neman tampol, bai ko ɗauki takalminsa ba. Kafin la'asar ya rataya wa duk akwatunan tampol, kuma ba a sake rasa kaza a kejin ba.