Matakalar Baban Faith

Duk unguwar Television, in ka ce gidan matakala ba mai tambayarka wanne. Gidan yayata Grace ne da mijinta Ezekiel, wanda kowa ke kira Baban Faith. Ɗaki biyu ne da falo a kan rabin fuloti, bayansa manne da katangar maƙwabci, ko ƙofar baya babu. Amma in ka tsaya a titi ka kalle shi, sai ka rantse wani tsohon kwamishina ne a ciki.

Lokacin da Baban Faith ya yi ritaya daga masana'anta a Kudenda ya gina shi. Wani ne ya nuna masa hotuna a waya, ya ce masa ƙaramin gida ɗaga shi sama ake yi ya yi kwarjini. Shi ke nan fa, ya hau ya zauna. Ya sa aka cike harsashi har ya kai ƙugun mutum, aka jera matakala daga bakin get zuwa baranda, aka lulluɓe su da farin tayil mai sheƙi. Ga ginshiƙi biyu, ga fulawa dama da hagu, ga fenti ruwan toka da ratsin fari. Get ɗin kuwa ɗan siriri ya sa aka ƙera, wai babban get haɗiye ƙaramin gida yake yi. Ni Judith ƙanwar mata ce, akwai wasa tsakaninmu, sai na ce, "Baban Faith, wannan gida ne ko bagadin coci?" Ya ƙyalƙyale da dariya ya ce hassada ga mai rabo taki ce.

Yaya Grace ba ta taɓa damuwa da fuskar gida ba, domin ita ba mazauniya ba ce. Zumuntar matan coci da ita, kasuwa da ita, gaisuwar mutuwa har Kakau da ita. A guje take sauka matakalan nan tana ɗaurin kallabi. Sai ga ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta, ta dawo daga asibiti a kan keken guragu, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, magana ma sai a hankali.

Tun ranar dawowarta gidan ya nuna halinsa. Keken ya ƙi shiga get sai da aka naɗe shi, ita kuma samarin layi suka ciccibe ta zuwa sama. Yayata mace ce mai jiki. Ran nan za a koma da ita ganin likita, an yi yayyafi, ƙafar ɗaya daga cikinsu ta zame a kan tayil. Allah ya kiyaye ba ta faɗi ba, amma zaninta ya kwance a gaban mutanen titi. Da muka dawo ta ce ita ba buhun masara ba ce, ba mai sake ɗaukarta.

Daga nan duniyarta ta tsaya a baranda. Sai a gara ta a ajiye tsakanin ginshiƙan nan biyu, tana hangen kawunan masu wucewa ta saman katanga. Da fari matan zumunta sun yi ta zuwa, sannu a hankali ƙafa ta ɗauke, don yawancinsu su ma gwiwa ta hana su hawa. Sai dai su tsaya a get su ɗaga murya, "Maman Faith, yaya jiki?" Kafin ta haɗa amsa sun yi gaba. Na tsani matakalan nan, ba ɓoyewa zan yi ba.

Ba yadda ban yi da Baban Faith ba. Na ce a fasa ɓangare ɗaya, a zuba gangare, a faɗaɗa get.

"Judith, ki bar maganar nan," in ji shi. "Maman Faith za ta sauka matakalan nan da ƙafarta. Ki zuba ido."

"Yaushe? Damina ta wuce, wata ta zagayo."

"Lokacin Allah ba naki ba ne."

Kada ka ɗauka mugu ne. Shi ke yi mata wanka, shi ke dama mata kunu, shi ke zama yana murza mata ƙafar da man zafi har hannunsa ya gaji. In ya gama sai ya ɗauki bokiti da tsumma ya goge matakala ɗaya bayan ɗaya, ya ba fulawa ruwa. Ni a ganina ya fi son tayil ɗinsa da matarsa, kuma na faɗa masa haka ido da ido. Ya yi mako bai amsa gaisuwata ba.

Abin da ya kai ni bango ya faru ne wata Asabar. 'Yar aminiyar yayata za ta yi aure, matan zumunta suka biyo ta layin cikin anko, da ganga da tulu suna rera waƙa. Yayata ce ta saba ba da waƙar nan su amsa. Ina tsaye a bayanta na ji tana bin su da rabin baki, tana buga hannun hagu a jikin keke. Suka wuce, ba wadda ta ɗaga kai. Ta ci gaba da waƙar ita kaɗai har kiɗan ya ɓace, sannan ta ce in mai da ita ciki.

Litinin da safe na ɗauko Malam Abdulmalik, maginin da ke gyare-gyare a layinmu, da gudumarsa da kurfi. Ya dudduba ya ce aikin ba wuya. A cire fulawar gefe ɗaya, a fasa rabin matakala, a zuba siminti mai kaushi ya gangaro a hankali, get kuma a ƙara masa faɗi.

Baban Faith ya fito ya tsaya a tsakiyar matakala, ya riƙe ƙugu.

"Malam, ka yi haƙuri, an wahalar da kai a banza. Ba aikin da za a yi a nan."

"Baba, ni kirana aka yi," in ji Malam Abdulmalik, ya soma tattara kayansa.

Ina buɗe baki zan yi ta ta ƙare, sai muryar yayata ta fito daga baranda.

"Baban Faith."

Ya juya da sauri, don ta daɗe ba ta kira shi a gaban mutane ba.

"Ba zan tashi ba," ta ce, tana cije kowace kalma. "Kai ma ka sani. In ba ka fasa yau ba, ranar da zan fita gidan nan a akwati ne. Kuma ran nan ma sai an fasa get ɗin, don akwatin ba zai wuce ba."

Ya tsaya yana kallonta. Can sai ya zauna daɓas a kan matakala, dattijo da furfurarsa, ya dafe kai.

"Idan na fasa, na yarda ke nan," ya ce. "Na yarda ba za ki ƙara takawa ba."

A nan na gane ba tayil yake tsaro ba, kunya kuma ta rufe ni. Ya daɗe a zaune, sannan ya miƙe ba tare da ya dubi kowa ba.

"Malam, bismilla," ya ce. Ya shige ɗaki ya turo ƙofa.

Malam Abdulmalik ya ɗaga guduma. Bugun farko tayil ya tarwatse, ɓarɓashi ya watsu har cikin fulawa. Na juya wajen yayata da murna, zan ce mata Lahadi mai zuwa a coci za ta yi sujada. Sai na ga hawaye na bin fuskarta.

"Yaya, mene ne kuma? Ba abin da kike so ba ke nan?"

Ta gyaɗa kai, ta share ido da hannun hagu.

"Shi ne," ta ce. "Amma muddin yana cewa zan tashi, ni ma ina ɗan yarda."